Kwamfutar da Kawu Ya Sayar

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka ne don Umma ta koya mini gaida manya, ba don raina ya so ba. Ina fata kana lafiya, ko da iya lafiyar da za ta ishe ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Tunda ka ce in daina kiranka a waya, wai muryata tana tayar maka da hawan jini, ga shi na rubuto. Direban da ke kawo mana sabulu nan wurin wankin mota zai ba ka hannu da hannu, kuma na ce masa kada ya motsa sai ka buɗe.

Na iso gida kwana biyu bayan an binne Baba. Wannan ka riga ka yayata wa duniya. Abin da ba ka yayata ba shi ne abin da na tarar. Na je shagonsa, inda ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaukar hoto, na samu wani mai aski yana kaɗa almakashi daidai inda labulen nan mai zanen teku yake rataye a da. Ƙusoshin labulen ma suna nan a bango. Ya dube ni ya ce, "Aski ko gyaran fuska?" Na ce kayan ubana nake nema. Ya ce in tambayi dillali.

Kujerar juyi, fitilu biyu masu lema, bencin jira, duk ka nemo musu masu saye. Su tafi, ban rubuto don benci ba. Kwamfutar nake magana. Ka sani sarai shekarar da rufinmu ya yi yoyo akwatin hotunan gida ya jiƙe, suka manne suka zama dunƙule guda. Ka kuma sani kafin ruwan nan Baba ya riga ya zuba su cikin kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya, da na'urar da ya aro. Fuskar Umma ba ta saura ko'ina a duniya ba sai cikin wannan akwatin ƙarfen. Ina ɗan shekara goma sha huɗu ta rasu. Yanzu in na rufe ido ina jin muryarta, ina jin ƙamshin man da take shafawa, amma fuskar zille mini take yi. Wannan ne ka ɗauka ka miƙa wa baƙo, ka karɓi la'adarka, ka kaɗe riga.

Akwai wani ƙamus marar bango da wani ya bari a but ɗin motarsa, ya ce in jefar. Shi nake karantawa in babu mota a layi. A ciki na ga Bature suna ɗaya ya raɗa wa abu uku: dillali irinka, da wurin nan na kwamfuta da ke nemo wa mutum fayil, da 'yar tagar kyamara da ake manna ido a ga wanda za a ɗauka. Wai duk masu nemowa ne. Biyun ban ja ba. Kai kuwa abin da ke ajiye lafiya a wurinsa kake ɓatarwa.

Ka rubuto mini wa ya saya, kuma ina yake. Ba na son nasiha.

Ɗan ƙanwarka, ko ba ka so.

*

Zuwa ga ɗana, Malam Ƙamus,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso, direba ya tsaya a kaina kamar ɗan aiken kotu har na buɗe. Na gode da ka rubuto. Zaginka a takarda ya fi sauƙin ɗauka, don ina iya ajiye shi in sha ruwa in dawo.

Ka ce ba ka son nasiha, to ga labari. Mahaifinka ya yi wata bakwai a kwance. Ni nake juya shi, ni nake riƙe masa kwano. A wata na huɗu shi da bakinsa ya ce mini, "Ka nemo masu saye, a sallami asibiti." Ko allura ban fitar daga shagon nan ba sai da izininsa. La'ada kuwa na karɓa. Sana'ata ce, shekara talatin da ita nake ciyar da iyalina, ban taɓa jin kunyarta ba, ba kuma zan fara don wani mai wanke taya ya karanta ƙamus ba.

Kai a wata bakwai ɗin nan kana ina? Kana can kana fushi. Shekara uku ba ka tako gida ba, wai don uba ya faɗa wa ɗansa magana a gaban kwastoma.

Maganar hotuna. Wadda kake kira Umma, ni na goya ta a bayana tun ba a san za a yi ka ba. Kana zaton ban nema ba? Ranar da za a ɗauke kwamfutar na sa mai gyara ya kunna ta, ya rubuta sunanta a wurin nema. Babu. Ya haɗa da sunan mahaifinmu. Babu. Ya rubuta naka, ya rubuta nawa, ya rubuta na mahaifinka. Ko ɗaya bai fito ba. Mahaifinka kuwa a lokacin harshe ya riga ya karye, in ka tambaye shi sai dai ya bi ka da ido. Na ɗauka hotunan sun bi ruwa tun tuni, na haɗiye abina, ban gaya wa kowa ba.

Wadda ta saya mace ce mai shagon buga takardu a bayan tashar mota, jikin mai sayar da fenti. Mutuniyar kirki ce, kada ka je mata da bakin nan naka. Ta ce ƙarshen wata mai gyara zai goge komai ya zuba mata kayan aikinta.

Abu ɗaya ya rage a hannuna, tsohuwar kyamarar nan mai fim. Duk wanda na kai wa sai ya juya ta ya ce ta taɓa faɗuwa, ya miƙo mini abata. Ban taɓa riƙe hajar da ta gagare ni kamarta ba.

Allah ya shirye ka, ya sanyaya maka zuciya.

Kawunka.

*

Zuwa ga mai shagon buga takardu,

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Ina fata aiki yana tafiya. Ba ki san ni ba. Ni ne ɗan mai hoton da kika sayi kwamfutarsa ta hannun dillali, wanda abin takaici kawuna ne. An gargaɗe ni in yi miki magana a hankali, kuma ina iya ƙoƙarina.

A cikin kwamfutar nan akwai hotunan mahaifiyata, wadda ta rasu shekara goma da suka wuce. Babu wasu a ko'ina. Da zan iya da na zo da kaina, amma maigidana ya ce hutun da na ɗauka na rasuwar Baba shi ne na shekara, in na sake taka ƙofa in tafi da bokitina gaba ɗaya.

Roƙona kada a goge. Ki kwashe mini duk abin da ke ciki, zan san yadda zan yi da ɗawainiyar. In kuwa aka goge, ki sani ba tarkace aka share ba, mutum aka sake binnewa, kuma a shagonki. Ki yi haƙuri, wannan layin ya fita ne ban shirya ba, ga shi ba ni da wata takardar da zan sake.

Na gode, Allah ya ba da kasuwa.

Ɗan mai hoto.

*

Malam ɗan mai hoto,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan iyayenka. Ni ban binne kowa ba, kwamfuta na saya, kuma lauyoyi biyu da wata makaranta suna jiran aikinsu.

Ba zan kwashe maka komai da komai ba. Matan mutane ne a ciki da 'ya'yansu, ba zan miƙa su ga wanda ban taɓa gani ba. Ban da haka mai gyara ya ce faifan cikinta ya tsufa, ƙara yake kamar tsohuwar fanka, in aka matsa masa da kwasa zai iya mutuwa a hanya. Folda ɗaya zan iya ɗauka a filashina.

Amma na buɗe na duba. Mahaifinka, Allah ya gafarta masa, wane irin mutum ne? Folda sama da dubu huɗu, babu sunan mutum ko ɗaya. "Ya ƙi cire hula." "Kunne ɗaya ya fi tsawo." "Ta zo da surukarta." "Mai tari." "Ango ya fi amarya tsoro." Kowace sai ta ci minti biyu kafin ta buɗe. Na buɗe goma na haƙura. Ko da na buɗe duka ma, ban san fuskar mahaifiyarka ba.

Ka aiko mini da abin da zan rubuta a wurin nema. Mai gyara zai zo Litinin ɗin ƙarshen wata, yau saura kwana goma sha ɗaya, kuma ba zan ɗaga ba. Lambar wayata ba zan bayar ba, kawunka ya ba ni labarin muryarka.

Ka huta lafiya.

Mai shago.

*

Ranki ya daɗe, sallama da godiya. Ki gwada waɗannan: "mai murmushi", "uwar yaro", "ta gida", "mai ɗankwali kore". Allah ya saka.

Ɗan mai hoto.

*

Malam, sallama. Babu, babu, babu. Na huɗun ya kawo wata tsohuwa mai haƙorin zinare riƙe da jikoki tagwaye, ina jin ba ita ba ce. Saura kwana shida.

Mai shago.

*

Kawu,

Sallama. Gaisuwar wancan karon tana nan ba ta ƙare ba, ka ci gaba da amfani da ita.

Kai da mai gyaranka kun tsaya gaban kwamfuta kuna rubuta sunaye kamar masu kiran rajista a aji. Shekara nawa kana shiga shagon nan kana shanye wa Baba shayi, ba ka taɓa lura ba ya riƙe sunan kowa ba? In mutum ya zo karɓar hoto ba ya tambayarsa suna. Kallonsa yake ya ce, "Kai ne wanda ya ƙi cire hula," ya jawo ambulan. Abin da ya fara gani ta tagar kyamara, shi ne sunanka a wurinsa har abada. Haka yake rubutawa a bayan ambulan, haka ya zuba a kwamfuta. Shekara tara na yi ina share shagon nan, na sani. Da ka kira ni minti ɗaya kafin ka sayar, da duk ba a zo nan ba. Amma ka gwammace ka haɗiye, wai kai mai haƙuri.

Kuma tunda ka taɓo maganar tafiyata, bari in gyara maka labarin. Kyamarar nan da ta gagare ka, tagarta ta goce tun ranar da ta faɗo daga tebur, kafin a haife ni. In ka saita mutum daidai a taga, a fim sai ya fito babu saman kai. Baba ya sani. Hannunsa ya saba, yana ɗaga ta kaɗan ba tare da ya yi tunani ba. Bai taɓa gaya mini ba, ko sau ɗaya. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya fara ba ni ita, na ɗauki Umma a tsakar gida, hoton ya fito an yanke mata ɗankwali da rabin goshi. Ya murɗe mini kunne ya ce na ɓata fim. Daga ranar sunana ya koma mai yanke kai. In kwastoma ya zo ya tarar da ni, sai ya ce zai jira babban.

Shekara da shekaru ina zaton idona ne ba daidai ba. Har likitan ido na je a ɓoye. Ranar da na gano da kaina, na ɗauki bangon bulo na ƙirga layukan da suka ɓace, na kawo masa hoton a gaban mutane. Bai ko karɓa ba. Cewa ya yi, "Mai hoto na gaske da hannunsa yake ganewa, ba a gaya masa. Kai ba za ka taɓa zama ba." Shi ne na jingine tsintsiya na fita. Ka ƙara wannan cikin labarin da kake ba mutane a bakin masallaci.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a maƙogwaro. Na san yadda yake raɗa suna, amma ban san wanda ya raɗa wa Umma ba. Bai taɓa ɗaukarta a gabana ba. Na aika wa matar nan zato huɗu, duk sun faɗi. Kai ka san ta tun tana rarrafe. Me mai hoto zai fara gani in ya leƙa ta taga ya ga Umma?

Ba roƙonka nake ba, tambaya ce. Ka nemo, tunda ka ce sana'arka ce.

Ɗan ƙanwarka.

*

Malam Ƙamus,

Wa'alaikumus salam, da fatan kana lafiya kai da bokitinka.

Na karanta takardarka sau biyu. Maganar taga ban sani ba. Ban ce ya kyauta ba, ban kuma ce ka kyauta ba. Shi dai ya tafi, kai kana da sauran lokacin da za ka yi ta gardama da kabari in ka ga dama.

Tambayarka ta ɓata mini kasuwa jiya. Wani ya zo neman gida mai ɗaki uku, na kai shi shagon haya. Sai da na zo wucewa ta gaban mai askin nan, madubinsa ya haske mini fuska na runtse ido, sannan abin ya faɗo mini.

Uwarka ba ta iya tsayawa gaban kyamara da ido buɗe. Tun hoton makaranta haka take: yara arba'in kowa ido tar, ita kaɗai kamar mai barci a tsaye. Da haka ma suka haɗu da mahaifinka. Ni na kai ta shagonsa a yi mata hoton takardar neman aiki. Ya ɗauka, ta rufe, ya ce a dawo gobe. Aka dawo, ta rufe. Sau biyar muna zuwa, fim ɗinsa yana ƙarewa, shi ko ɓata rai ba ya yi, har na fara zargin ba hoton yake so ya fito ba. Duk sanda ya fito daga ɗakin wanki sai ya ɗaga fim ɗin a haske ya ce, "Ta sake rufewa." Aikin dai ba ta samu ba, miji ta samu. Wato ko wannan cinikin ni na haɗa, kuma ban karɓi la'ada ba. Ka duba ƙamus ɗinka ko akwai sunan irin wannan.

Ba zan jira direbanka ya kai ya kawo ba, lokaci ya ƙure. Gobe da safe zan je shagon matar nan da ƙafata. Amma ka shirya zuciyarka. Ko an samu, fuska za ka gani, ba ido ba. Ni kaina rabona da idon ƙanwata shekara goma, kuma ban sa ran sake ganinsa ba.

Allah ya sa mu dace, ya kuma rage maka kaifin baki.

Kawunka.

*

Malam ɗan mai hoto,

Sallama, da fatan kana lafiya.

Kawunka ya zo tun kafin in buɗe shago, ya zauna a kujerar kwastoma ya hana kowa zama. Na rubuta "ta sake rufewa". Kwamfutar ta yi ta gurnani har na ɗauka ta mutu, sannan ta kawo folda ɗaya.

Hoto sittin da uku. Tana budurwa, tana amarya, tana da ciki, tana riƙe da wani jariri mai murtuƙaƙƙiyar fuska kamar yana shirin zagin wani. Na ce wa kawunka wannan ba sai an gaya mini ko wane ne ba. A duka idonta a rufe. Kyakkyawa ce, Allah ya jiƙanta.

Akwai kuma na sittin da huɗu. Sauran duk lamba aka ba su, shi kaɗai aka ba suna. Hoto ne marar kyau, an yanke ɗankwali da rabin goshi, igiyar shanya ta ratsa ta bayanta. Amma idonta biyu a buɗe, tana kallon mai ɗaukar kai tsaye, tana danne dariya. Ga sunan da mahaifinka ya sa masa, na kwafo maka yadda yake: "Ya yanke kai, ya samo ido. Ni ban taɓa ba."

Kawunka ya ce in ƙara girmansa. Na ƙara har ya cika gilashin. Sai ya tambaye ni ina ban-ɗaki, alhali shi ya nemo mini shagon nan, ya san babu.

Na kwashe foldar a filashi, yana hannunsa. Takardar hoto guda ɗaya ta rage mini, na buga wannan ɗin a kai. Ya ce nasa ne don ƙanwarsa ce. Na ce ɗanta ne ya ɗauka. Ya naɗe shi a jarida ya tafi da shi. Ku ƙarata can, ni na gama nawa. Mai gyara ya zo yau Litinin ya goge kwamfutar.

Filashin nawa ne, a dawo mini da shi.

Mai shago.

*

Kawu,

Sallama.

Ka riƙe hoton. Ni take kallo ranar, kuma tun da na karanta takardar matar nan fuskar ta dawo, ba ta sake zille mini ba. Ka sa shi a gilashi, kada ka ninke shi a aljihu tare da takardun gidajen haya.

Kyamarar kuma ka daina yawo da ita kasuwa. Ka naɗe ta da tawul ka ba direba ya kawo mini. Na san yadda ake ɗaga ta.

Maganar shago ban yafe ba. Baba ma ban yafe masa ba tukuna, ya gaya wa kwamfuta abin da ya kasa gaya wa ɗansa.

In an kwafe hotunan, ka mayar wa matar nan filashinta. In kuma ka nemi la'ada a kan kyamarar, zan kira ka a waya.

Ɗan ƙanwarka.